Sarkin Kano Alu Maisango Da Yaƙe-yaƙensa

Duk wanda ya shiga mota a Sabon Garin Zariya da hantsi ya nufi Kano, in Allah ya kiyaye hanya, kafin azahar ya isa, har ma ya gama abin da ya kai shi ya komo ya kwana gida. Ba kowa ba ne ya ke tunawa, sa'ad da ya ke wuce garuruwan nan na kan hanya, cewa wannan tafiya ta kusan mil 100 ita ce sojan Turawa suka yi cikin kwana 6 a shekara ta 1903, suna janye da igwa, za su yaƙi Sarkin Kano. Daga nan Zariya suka tashi. A lokacin nan babu Sabon Gari, don sai da jirgin ƙasa ya iso aka kafa shi, Samaru kuwa ba a ko fara gonar gwaji ba, balle makarantu.

Sarkin nan da suka tafi yaƙa ba su same shi a gida ba, ba su kuma taɓa gamuwa da shi a fagen fama ba. Shi ne Alu. In ka tambayi yaran makaranta labarinsa, galibi abu guda za su faɗa maka, watau wai shi ne sarkin da ya gudu ya bar jama'arsa. Ga shi kuwa mutumin nan da takobi ya sami sarauta, da takobi kuma ya riƙe ta shekara 8 da 'yan watanni, yawancinsu a kan sirdi. Saboda haka ya kamata mu bi labarinsa tun daga farko, mu ga yadda aka yi dare ɗaya ya rinjayi shekarun nan duka a bakin mutane, mu kuma duba ko an yi masa adalci.

Asalinsa

Sunansa na yanka Aliyu, amma Kanawa Alu su ke ce masa, waɗansu kuma su ce Aliyu Babba. Ɗan Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ne, jikan Sarkin Kano Ibrahim Dabo wanda ya kafa sarautar Sulluɓawa a Kano a shekara ta 1819. Ta wajen uwa kuwa jinin Shehu Ɗan Fodiyo ne, domin mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sunan kakan nan nasa aka sa masa. Mai karatu ya riƙe wannan, don nan gaba za mu ga amfanin da ya yi masa.

Abdullahi ya hau gadon sarauta a 1855, ya daɗe ƙwarai, Allah kuma ya ba shi 'ya'ya masu yawa, ya rarraba musu sarautu da ƙasashe. Da ya rasu a Karofi, a kan hanyarsa ta zuwa Sakkwato, aka naɗa ɗan'uwansa Muhammadu Bello. Bello kuwa burinsa ɗansa Tukur ya gaje shi. Sai ya shiga tuɓe 'ya'yan Abdullahi da barorin gidansu ɗaya bayan ɗaya, yana sa nasa, har ya ba Tukur sarautar Galadima. Cikin shekara 10 na mulkin Bello, birnin Kano ya cika da 'ya'yan sarki da bayin sarki waɗanda suka saba da mulki da doki da makami, ga shi kuma an raba su da abin yi. Cikinsu Alu ya ke. Mai hankali ya san irin wannan taro kamar busasshiyar ciyawa ce, jiran wuta kaɗai ta ke yi.

Basasa

Bello ya rasu a ƙarshen shekara ta 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana cikin Kano. Yawancin manyan gari Yusufu ɗan Abdullahi su ke so, wanda ya taɓa riƙe sarautar Galadima a zamanin ubansa. Amma Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda a ke yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, bai manta da bajintar da Tukur ya nuna a gabansa ba a yaƙin Argungu, ran da Kabawa suka kora rundunar Sakkwato. Ya aiko a naɗa Tukur. Waziri ya ga abin da zai biyo baya, ya ba da shawara ba a karɓa ba, ya cika umurni.

Ba a daɗe ba Yusufu ya fita birni da 'yan'uwansa da jama'arsu, suka nufi kudu maso gabas, suka zauna a Takai. Tun daga ran nan Kano ta rabu biyu, Yusufawa da Tukurawa. Yaƙin da suka yi shi a ke kira Basasa, ɗa ya yaƙi ɗan baffansa, suruki ya yaƙi suruki. Yusufawa ba su tsaya zaman jira ba. Suka bi garuruwan gabas da na kudu, wanda ya bi da lalama ya bi, wanda ya ƙi a ci shi da yaƙi, har Gaya da Dutse suka shiga hannunsu, suka kuma sami taimako daga Gumel. Farmakin farko da suka kai wa birni bai yi kyau ba, aka kore su, Tukur ya karkashe waɗanda ya kama. Wannan kisa kuwa bai ƙara masa kome ba sai baƙin jini, don waɗanda ya kashe suna da dangi a kowace unguwa.

Ana cikin haka ciwon ajali ya kama Yusufu, ya rasu a Garko a shekara ta 1894. A nan ne aka miƙa wa Alu jagorancin jama'a, ko da ya ke akwai yayyensa a cikin taron. An san shi da ƙarfin zuciya a wurin yaƙi, sa'an nan kuma manya sun lura cewa wanda uwarsa ta fito daga gidan Sarkin Musulmi shi ne zai fi sauƙin shiryawa da Sakkwato in an gama faɗa. Alu bai ɓata lokaci ba. Cikin daminar shekaran nan ya tasam ma birni da dukan ƙarfinsa, aka gwabza a bakin ganuwa, Yusufawa suka kutsa ciki. Tukur ya fita da sauran mutanensa ya tafi Kamri, wajen iyakar Katsina. Sarkin Musulmi ya aika wa sarakuna su taimake shi, amma yawancinsu suka yi ta jan ƙafa. A watan Maris na 1895 Alu ya bi shi, aka haɗu a Tafashiya, aka fasa Tukurawa, Tukur ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Bayan wannan ba yadda Sakkwato za ta yi sai ta yarda da abin da takobi ya riga ya yanke.

Abu biyu ya kamata mu ɗauka daga nan. Na farko, kafin Turawa, Alu shi ne mutum na ƙarshe da ya ci birnin Kano da yaƙi. Ya sani da idonsa cewa ganuwa kome tsayinta ana shiga ta, musamman in zukatan waɗanda ke ciki ba su haɗu ba. Na biyu, nasaran nan ta zo da tsada. An ƙone garuruwa, an bar gonaki ba shuka, an kama 'ya'ya an sayar kamar bayi, gidajen Tukurawa da dukiyarsu sun koma hannun waɗanda suka yi nasara, su kuwa suka watsu cikin ƙasashe da ƙullin zuciya. Talakan da aka ci garinsa sau biyu cikin shekara guda, bai ga abin da zai sa ya mutu don wani ɗan sarki ba. Ranar biyan wannan bashi tana nan zuwa.

Shirin Runduna Da Yaƙin Damagaram

Da Alu ya zauna, ya raba sarautu ga waɗanda suka sha wuya tare da shi. Wansa Ahmadu ya zama Waziri, ɗan'uwansu Abbas kuma daga baya ya riƙe sarautar Wambai. Rundunar Kano a zamanin nan ta gargajiya ce. In za a fita, kowane hakimi ya kawo mutanensa, ga barade, ga 'yan lifidi da 'yan sulke, ga dakaru masu takobi da garkuwa, ga 'yan baka. Irin wannan runduna tana da kyawun gani, amma biyayyarta ga hakimai ta ke tukuna kafin sarki, wanda ya ga Basasa kuwa ya san haɗarin wannan. Don haka Alu ya ƙarfafa bayin sarki, irin su Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, ya tara bindigogi ya sa a hannun mutanensu, ya zama yana da 'yan bindiga waɗanda ba su da ubangiji sai shi. Laƙabinsa ma daga makami ya samo shi. Sango wani ɗan mashi ne da a ke ɗurawa cikin bindiga a harba, irin wanda maharban giwa su ke aiki da shi, shi ya sa a ke ce masa Maisango.

Bai kuwa tara makaman nan don ado ba, domin ta kowane gefe akwai abin tsoro. Daga kudu Ningawa sun daɗe suna kawo hari. Daga gabas Rabe ya ci Barno tun 1893, ya zauna a Dikwa, ya rikita fataucin da Kano ke yi da wannan sashi. Amma babban abokin gaba daga arewa ya ke, watau Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga. Tun zamanin Sarki Tanimu Damagaram ta tara bindigogi da yawa, har a cikin birninta a ke ƙera igwa. A shekara ta 1898 Damagarawa suka ratso ƙasar Kano har Gezawa, wadda ba ta da nisa da birni, suka yi ɓarna mai yawa, Kanawa suka yi hasarar mazaje. Duk da haka birni bai shiga hannunsu ba, suka juya suka koma. Alu ya fita daga yaƙin nan da sarautarsa, ya kuma fita da wani sani mai ɗaci, watau doki da mashi ba su da ta cewa a gaban wuta in ta yi yawa. Daga nan ya ƙara himma wajen gyaran ganuwa da ƙofofi da neman bindiga.

Abin da ya faru bayan wannan ya fi yaƙin kansa ban tsoro. A shekaran nan ta 1898 Sarkin Damagaram ya sa aka kashe wani hafsan Faransa, Kyaftin Cazemajou. A watan Yuli na 1899 sojan Faransa suka fasa rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga birni, ba a daɗe ba aka kashe Amadu. A watan Afrilu na 1900 kuma Faransawa suka kashe Rabe a Kusuri. Sarakunan nan biyu su ne suka fi kowa bindiga a wannan sashi na ƙasar Sudan, ga shi cikin shekara guda an share su. Duk wannan labari ya iso kunnen Alu.

Turawa Sun Matso

Ran 1 ga watan Janairu na 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar cewa ƙasashen Arewa sun shiga hannun Gwamnatin Ingila. A 1901 aka ci Kwantagora da Bida da Yola, a farkon 1902 aka shiga Bauci. A shekaran nan kuma Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse ya matsa wa ƙasarsa da hari, ya nemi taimakon Turawa. Suka zo suka kama Nagwamatse, amma ba su koma ba. Suka ajiye soja a Zariya, Kyaftin Abadie ya zama Razdan, kafin shekara ta ƙare kuma suka kama Kwasau kansa suka tafi da shi. Zariya ta zama sansanin da za a tashi daga gare shi a faɗa wa Kano.

Dalili kaɗai ya rage, shi ma bai daɗe ba ya samu. Ran 3 ga watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudu ya zo Kano. Alu ya karɓe shi hannu biyu, ya girmama shi a bainar jama'a. Ga al'adarmu wanda ya zo neman mafaka ba a miƙa shi, ga Lugga kuwa wannan shelar yaƙi ce. A watan nan kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu.

A nan ne Alu ya yi abin da har yau a ke gardama a kansa. A farkon watan Janairu na 1903 ya tashi da dawaki wajen 2,000 da yawancin manyan hakimansa, ya nufi Sakkwato, ya bar birni a hannun bayin sarki, Sarkin Shanu yana cikin shugabanninsu. Tafiyar tana da dalili. Tun Basasa tsakaninsa da Abdurrahman ba daɗi, sabon Sarkin Musulmi kuwa dole a je a yi masa mubaya'a, a gyara zumunci. Bayan wannan kuma akwai babbar magana da ke gaban Musulmi duka, wadda sarki ɗaya ba ya yanke ta shi kaɗai: a yi yaƙi ne, ko a yi sulhu, ko kuwa a yi hijira a bar wa Nasara ƙasa? Amma ta fuskar yaƙi kuskure ne babba. Ya kwashe ƙarfin Kano ya kai shi tafiyar kwanaki masu yawa, a tsakiyar rani, sa'ad da hanya ta bushe, abokin gaba kuma yana zaune a Zariya. Ya auna saurin Lugga da irin saurin sarakunan da ya saba yaƙa. Lugga kuwa gaggawa ya ke yi ƙwarai, don ya san manyansa na London ba su da sha'awar wani sabon yaƙi, yana so ya gama kafin a hana shi.

Ran 3 Ga Watan Fabrairu

Kanar Morland ya tashi daga Zariya ran 29 ga Janairu da soja baƙar fata 700 da 'yan kai, da Turawa kusan 40, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Kada mai karatu ya manta, yawancin sojan nan Hausawa ne da Yarabawa. Ran 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji, mutanen gari suka rufe ƙofa suka ƙi buɗewa. Aka sa igwa ta fasa ƙofar, sarkin garin da waɗansu mutanensa suka mutu nan take. Garuruwan da ke gaba da suka ji haka ba wanda ya sake tsayawa.

Ran 3 ga wata suka tsaya a gaban ganuwar Kano. Lugga da kansa, da ya gan ta daga baya, ya yi mamakinta, ya ƙiyasta kewayenta mil 11, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi ƙafa 40. Aikin Alu bai tafi banza ba, don ƙofar da suka fara buga wa igwa ba ta fasu ba, ganuwa kuma ta shanye harsashi kamar ba a yi ba. Sai suka zaga zuwa Ƙofar Kabuga, suka sami inda za su saita igwa sosai, suka huda, soja suka kutsa. Masu tsaron ganuwa suka watse, aka kashe wajen mutum 300, a wajen Turawa kuwa 'yan raunuka kaɗai aka samu. Sarkin Shanu ya cika amanar da aka bar masa, ya tsaya a gidan sarki da 'yan mutanensa har aka kashe shi. Cikin 'yan kwanaki kasuwar Kurmi ta ci kamar yadda ta saba. Ranar biyan bashin Basasa ke nan: bayin sarki sun mutu, talakawa sun koma ciniki.

Daren Birnin Goga

Alu yana kan hanyar komowa labari ya same shi a ƙasar Zamfara. Aka sauka a Birnin Goga, aka zauna shawara, baki ya rabu. Waziri Ahmadu yaƙi ya ke so, a tafi a karɓo birni ko a mutu. Waɗansu suna ganin a koma a nemi sulhu, don iyalinsu da gidajensu duk suna hannun Turawa. Da gari ya waye aka nemi sarki aka rasa. Ya fita da dare da 'yan mutane kaɗan, ya yi arewa, ya ɓad da kama. Waɗansu sun ce niyyarsa ya zaga ta ƙasar da ba ta hannun Ingilishi ya yi gabas zuwa Makka, waɗansu kuwa sun ce ya ga alamar ba kowa ke tare da shi ba cikin manyansa. Ko wanne ne, bai yi nisa ba. A ƙasar Gobir aka gane shi, aka tsare shi, aka danƙa shi ga Turawa.

Rundunar da ya bari ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ɗebi kashi guda ya bi wata hanya ya nufi Kano don ya miƙa wuya. Waziri Ahmadu ya ɗebi sauran ya miƙe. A ƙarshen watan Fabrairu, kusa da dutsen Kwatarkwashi, ya yi karo da wata 'yar ƙungiyar soja masu dawaki, mutum 44 da Turawa 2, Laftanan Wright ke jansu. Suka sauka suka tsaya kusurwa huɗu, kowa ya ba ɗan'uwansa baya, dawakinsu a tsaka. Bisa lissafin Turawa, mutanen Waziri sun kai dawaki 1,000 da dakaru 2,000. Har wajen sa'a biyu barade suna sukuwa suna faɗa wa sahun nan, wuta tana mai da su, suna sake komowa, waɗansu har suka faɗi 'yan taku kaɗan daga bakin bindiga. A nan Waziri Ahmadu ya kwanta dama tare da waɗansu manyan Kano. Wright kuwa aka ba shi lambar yabo wadda ta fi kowace girma a sojan Ingila, wannan ma shaida ce ta irin faɗan da Kanawa suka yi.

Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. A farkon Afrilu Lugga ya naɗa Abbas Sarkin Kano. Ran 27 ga Yuli Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Burmi, a kan hanyar hijira, Magajin Keffi ma can ya mutu.

Ba Kano Kaɗai Ba

Domin mu auna abin nan daidai, sai mu ɗaga kai mu dubi duniyar wannan zamani, mu ga abin da ya sami waɗanda suka fi Kano ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙasar Sin ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a lokacin, babban birninta kuma, Pekin, wanda a ke kira Beijin yanzu, ganuwarsa ta tubali ce. Duk da haka a watan Agusta na 1900 sojan ƙasashe 8 suka shige shi da yaƙi. Cikin waɗanda suka tsaya tsaron birnin akwai wata runduna ta Musulmin Sin daga lardin Gansu, wani shugabansu mai suna Ma Fulu ya mutu yana kare ɗaya daga ƙofofin birni, kamar yadda Sarkin Shanu ya mutu a Kano. Uwar sarki kuwa, wadda mulki ke hannunta, ta sa tufafin talakawa ta fita da asuba tare da sarki, suka yi yamma. Bambancinta da Alu shi ne ita ta bar wakilai suka yi sulhu da sunanta, ta komo gadonta a farkon 1902. Watau a wannan zamani ba jarumtaka ce ta ƙare wa mutane ba, ko a Sin ko a Kano. Makamin da masana'antun Turai ke ƙerawa, da horon da a ke yi wa soja har mutum 40 su tsaya kamar mutum ɗaya, su ne suka yi wa kowa nisa.

Hukunci

'Ya'yan Abdullahi uku suka tsaya a mararraba guda, kowa ya ɗauki hanyarsa. Ahmadu ya zaɓi mutuwa, ya bar suna. Abbas ya zaɓi zama, ya tsirar da gida da birni, zuriyarsa ce kuma ta ci gaba da sarautar Kano. Alu ya zaɓi fita, ya rasa sarautar, ya rasa sunan.

Wanda ya ce tsoro ne ya kore shi bai karanta labarin Takai da Tafashiya ba. Matsoraci ba ya shiga Kano da takobi, ba ya kuma karɓar Magajin Keffi alhali sojan Turawa suna Zariya. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, cikin taron nan na Birnin Goga ba wanda ya kai shi sanin bindiga, saboda haka ba wanda ya kai shi sanin cewa yaƙin ya riga ya ƙare. Abin da ya faru a Kwatarkwashi ya gaskata shi. Amma wanda kuma ya ce ba shi da laifi ya yi son kai. Janyewa ba abin kunya ba ce ga shugaban yaƙi, hijira ma hanya ce sananniya, Sarkin Musulmi Attahiru ya bi ta. Sai dai Attahiru da rana ya fita, jama'arsa na biye, a tsakiyarsu kuma ya mutu. Laifin Alu shi ne ya san gaskiya bai tsaya ya ɗora jama'arsa a kanta ba. Da ya tsaya ya ce a yi sulhu, ko a yi hijira gaba ɗaya, ko da za a zage shi, da watakila mazajen da suka zube a Kwatarkwashi sun ga 'ya'yansu. Ya bar su ba kai, kowa ya yi ta kansa. Shugaba yana iya rasa yaƙi jama'a su yafe masa, amma su wayi gari su tarar da shimfiɗarsa ba kowa, wannan yana da wuyar mantawa.

Turawa suka kai shi Yola, daga baya suka mai da shi Lakwaja, inda su ke tara sarakunan da suka tuɓe. Can Sarkin Zazzau Kwasau ya rasu, can kuma aka kai Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya gaji Kwasau, shi ma ya rasu a 1924. Alu ya yi shekara 23 a tsare, kusan ninki uku na shekarun da ya yi bisa gado. Yana can jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, yana can Abbas ya rasu a 1919. Shi kuwa ya cika a 1926, shekarar da aka naɗa Abdullahi Bayero ɗan Abbas. Kabarinsa yana Lakwaja, bakin Kwara, nesa da ganuwar da ya gyara.

Malaman makaranta, in kun zo kan labarin nan, ku ba yara shi duka. Ku faɗa musu daren Birnin Goga, kada ku ɓoye, amma ku faɗa musu Garko da Tafashiya da Gezawa tukuna, ku kuma nuna musu cewa ƙofar da igwa ta fasa a 1903, 'yan gida ne suka fara girgiza ta tun 1893. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu, mu kuma ya ba mu ikon riƙe amanar waɗanda aka ɗora mana.